'Yata ta ce nukiliya za ta karanta: in sayar da shanun huɗa in biya dalali?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin firamare a wani ƙauye da ke yankin Ringim, Jihar Jigawa. Ya ce: "Ina da 'ya a ajin ƙarshe na sakandaren kimiyya ta 'yan mata. Tun da aka yi musu darasin ƙwayar zarra ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ita ilimin nukiliya za ta karanta. Mahaifiyarta ta ji an ce aikin yana hana haihuwa, kawunta kuma ya ce karatun haɗa bam ne. Ni abin da ya fi damuna, a ina za ta yi aiki tunda Najeriya ba ta da tashar? Sannan akwai wani a Kano da ya ce in kawo naira dubu 900 zai samo mata gurbin karatu kyauta a Rasha. Ina da shanun huɗa biyu. In sayar?"

Malam, kada ka sayar da shanun. Na sa wannan a gaba ne don gudun kada ranar kasuwa ta zo ba ka kai ƙarshen amsar ba.

Gurbin karatu a Rasha akwai shi. Gwamnatinsu tana ware wa ɗaliban ƙasashen waje gurabe duk shekara, har da na fannin nukiliya, a jami'o'i irin su MEPhI da ke Mosko da jami'ar fasaha ta Tomsk can cikin Sayiberiya. Amma ɗalibi da kansa yake cike fom a intanet, a tantance shi da sakamakonsa, kuma ba a biyan ko sisi kafin a nema. Wanda ya ce ka kawo dubu 900, ko dai fom ɗin da 'yarka za ta iya cikewa a wayarka zai cike ya lamushe kuɗin, ko kuma ya samo mata gurbin da ku ne za ku riƙa biyan kuɗin makaranta, sai ta sauka can cikin ƙanƙara ku gane cinikin biri a sama kuka yi. Na gaskiyar ma ba komai yake ɗaukewa ba. Kuɗin makaranta yake biya da ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. Tikitin jirgi, abinci, rigar sanyi, inshorar lafiya, duk a wuyan uba suke. Ga shekara guda cur ta koyon Rashanci kafin a shiga karatun. Na san waɗanda suka bi wannan hanya suka dawo da ilimi mai nauyi. Amma ga yarinyar da wataƙila ko Kaduna ba ta taɓa kwana ba, akwai hanyar da ta fi arha da kwanciyar hankali, zan zo kanta.

Ni ma ɗan ƙauye ne daga gabashin Kano. Da aci-balbal na yi karatun jarrabawar shiga makarantar kimiyya, na karanta fiziks a jami'a, yau shekara ashirin da 'yan kai ina aikin kare mutane daga radiyeshin. Duk abin da aka faɗa a gidanka an faɗa a namu, har da wanda ya fi shi.

Kawu ba shi da laifi. Kalmar nan ta rediyo ta shigo mana, kuma da bam ta shigo: Hiroshima, rikicin Iran, Koriya ta Arewa. Tarihinmu ma da haka ya fara. A 1960 Faransa ta gwada bama-bamanta a Reggane cikin Saharar Aljeriya, hankalin mutanenmu ya tashi domin daga wannan sashe iskar hunturu take busowa, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Amma a gaya wa kawu wannan lissafin. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, a cikin kashi 1,000 kashi 7 ne kacal nau'in da ke kamawa ya ba da zafi. Tashar wuta tana buƙatar a tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90, kuma wannan tacewa aikin manyan masana'antu ne da ƙasashe ƙalilan suke da su. Najeriya ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta su a Afirka baki ɗaya. Masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, suna zuwa su duba ɗan abin da muke da shi su gwada da abin da ke rubuce a littafi.

Maganar Hajiya, mahaifiyarta, ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Radiyeshin wani irin haske ne da ido ba ya gani, fata ba ta ji, amma yana ratsa jiki. Irinsa ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. In ya yi yawa yana ƙona nama, yana jawo cutar kansa, wato daji, yana kuma iya kashe ƙwayayen haihuwa. Duk maganar tana ga adadi. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa barin ƙauyensu ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. Doka ta yarje wa ma'aikaci 20 a shekara, kuma yawancin ma'aikata ba sa ko kusantar wannan iyaka. Kafin a yi maganar mace ta rasa haihuwa sai an kai dubbai a tashi ɗaya, abin da ba ya faruwa sai a mummunan haɗari. Da zarar ma'aikaciya ta sanar tana da juna biyu, dole a sauya mata aiki yadda abin da ke cikinta ba zai samu fiye da milisibat 1 ba har ta haihu. Na yi aiki da mata masu 'ya'ya biyar, masu shida, har sunan wasu na je.

Yadda ake sanin abin da mutum ya sha shi ne wani ɗan bajo da bai kai kwalin ashana girma ba, ana maƙala shi a ƙirji, duk wata ko duk wata uku a aika da shi a karanta. To a nan gizo ke saƙar. Na taɓa zuwa duba wani asibiti da sakamakon ma'aikatansa kullum yake dawowa sifili, tas kamar an wanke. Abin ya ba ni mamaki, domin wurin yana da cinkoso. Da na nemi a nuna mini bajojin, sai shugaban sashen ya jawo durowa, ga su nan jere a leda, ko ɓare su ba a yi ba. Ya ce tsoro yake kada yara su ɓatar a cire a albashinsa. Mutumin kirki ne, yana da takardunsa, amma ba a taɓa zaunar da shi an fahimtar da shi amfanin abin ba. Haɗarin aikin nan, Malam, yawancinsa irin wannan ne. Don haka in 'yarka ta samu horo na gaske, ta fi mai sayar da maganin feshi a kasuwar ƙauye aminci nesa ba kusa ba.

Sai babbar tambayarka. Gaskiya ne ba mu da tashar wutar nukiliya, kuma ba zan yaudare ka in ce tana bakin ƙofa ba. An kafa dokar hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, tun 1976, ba ta fara aiki sosai ba sai 2006 zamanin Obasanjo. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina. An sa hannu a takardu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Har yau ba a zuba siminti ba. Ba kuɗi kaɗai ne cikas ba. Ƙa'idar masana ita ce kada injin wuta guda ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na duk wutar da ke kan babban layin ƙasa, don in ya tsaya kwatsam kada ya ja kowa ƙasa. Mu wutar da ke zagayawa a layinmu tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne galibi, tukunyar nukiliya ta zamani guda ɗaya kuwa, wato inda yuraniyom ke ba da zafi a tasha, megawat 1,200 ce. Kai malamin lissafi ne, ka gani da kanka. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022. Wanda duk ya shirya rayuwar 'yarsa a kan ranar da za a kunna ta Najeriya, jiran gawon shanu yake.

Amma aikin nukiliya ya daɗe da zuwa, ba mu lura ba ne. Mutane da yawa a Kano da Jigawa ba su san akwai tukunyar nukiliya mai aiki a Zariya ba, a cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, tun 2004. Ƙirar ƙasar Sin ce. Zuciyarta ba ta fi ɗan bokiti ba, tana can ƙarƙashin ruwa mai zurfi, zafinta kimanin kilowat 30, kamar a jona dutsen guga talatin. Ko ƙwan lantarki ɗaya ba ta kunnawa. Aikinta bincike ne da koyarwa. Ana zuba ƙasar gona ko garin dutse ko na hatsi a wani ɗan kwalbar roba, iska ta hura shi ta cikin bututu har gefen zuciyar tukunyar. Saboda gudunsa masu aikin suna ce masa zomo. In ya fito a ajiye shi gaban na'ura, kowane sinadari da ke ciki ya yi magana da tasa muryar: ga zinariya kaza, ga ƙarfe kaza, ga gubar arsenik kaza. A Ile-Ife akwai cibiya irinta mai na'urar harba ƙwayoyin zarra. A Sheda kusa da Abuja akwai wurin haska kayan abinci da na asibiti. Akwai cibiyoyi a jami'o'in Maiduguri da Fatakwal da Owerri. Ga hukumar NNRA mai sa ido da ba da lasisi, wadda ta fara aiki a 2001.

Ka duba bututun iskar gas da ake ja daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. Ba a binne mahaɗin walda sai an tabbatar ba tsaga a cikinsa, ko dai da na'urar sauti ko da hoton radiyeshin, kamar yadda ake ɗaukar hoton karaya. Mai wannan aiki sana'a ce a hannunsa, ana nemansa a matatun mai da masana'antar taki da ta siminti. Masu haƙar mai suna zura irin waɗannan na'urori cikin rijiya su karanta duwatsu. Masu gina titi suna da wani akwati ruwan ɗorawa da suke auna ko ƙasa ta daddanu. A asibitocin da ake gasa cutar kansa da radiyeshin, irin na Shika da na Sakkwato, likita yana faɗin adadin da yake so ne, amma masanin fiziks na asibiti shi ke lissafa yadda hasken zai sauka a kan ƙarin ya bar lafiyayyen nama. Irin waɗannan mutane sun yi mana ƙaranci ƙwarai, kuma matan Arewa da yawa za su fi sakin jiki in mace ce a ɗakin.

Har gonarka abin ya iso. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ma'ajiya. Haska hatsi da radiyeshin yana kashe ƙwaro da ƙwansa ba tare da an zuba guba ba, yana kuma hana albasa tsiro, abincin kuma ba ya ɗaukar komai, kamar yadda ba ka fitowa daga ɗakin hoton ƙashi kana haske. Ƙudan tsando mai kawo sammore an kawar da shi daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997 ta hanyar sakin mazan da aka haska suka daina haihuwa. Sai ruwa, wanda ni a ganina shi ya fi shafar Jigawa. Daga 2012 zuwa 2017 IAEA ta yi aiki da ƙasashen Sahel 13, har da mu da Nijar, ana ɗiban ruwan rijiyoyi ana auna shekarunsa. Da wannan ake gane ko ruwan da burtsatse ke zuƙowa damina tana mayar da shi duk shekara, ko kuwa tsohon ajiya ne na dubban shekaru da in ya ƙare shi ke nan. Yadda injinan ban-ruwa suka cika fadamun Haɗeja, wannan tambaya ce da ya kamata a ce 'ya'yan yankin ne suke amsa ta.

To wace hanya za ta bi? Shawarata kada ta nemi digirin farko mai sunan nukiliya. Ta yi fiziks, ko injiniyancin lantarki, ko na injina, ko na sinadarai, ko kuma karatun ɗaukar hoton asibiti da ake yi a Jami'ar Bayero. Jami'ar Tarayya ta Dutse, ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ta Wudil, duk ba su fi ƙarfin ziyararka ba, Zariya ma ba nisa. Ƙwarewar nukiliya galibi a digiri na biyu take zuwa, a nan gida da waje. Dalilina shi ne tashar nukiliya, in ka ɗauke tukunyar, tashar tururi ce kamar ta Egbin a Legas: a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Abin da ke tafasa ruwan kawai ya bambanta. Tasha guda tana ɗaukar ma'aikatan dindindin ɗaruruwa, lokacin gini kuma dubbai, amma masu digirin nukiliya zalla ba su da yawa a ciki. Sauran masu lantarki ne, masu famfo da bawul, masu auna sinadarin ruwa, masu kwamfuta, masu tsaro. Mai faffaɗan tushe in tashar ta zo ya shiga, in ba ta zo ba bai rasa abin yi ba. Wanda ya ƙuntata kansa tun yana shekara 18, in an yi rashin sa'a sai ya ƙare da takardar da ba mai tambaya.

A nan zan ɗan kauce, domin kana da ɗalibai maza da ba duka za su je jami'a ba. Abin da ƙasashe masu gina tasha suka fi kuka da rashinsa shi ne mai walda wanda ɗinkinsa zai ci jarrabawar hoto, da mai haɗa wayoyin na'ura wanda ke rubuta duk abin da ya taɓa. Mu kuwa mun raina foliteknik, kowa so yake a kira ɗansa dakta. Yaron da ya fita daga ta Kazaure ko ta Haɗeja da hannu mai kyau, ya ƙara da takardar shaidar walda ta duniya, zai iya riga mai digiri uku cin abincin nukiliya.

Haɗin gwiwa da ƙasashen waje shi ne ƙashin bayan wannan fanni, domin ba ƙasar da ta fara ita kaɗai in ban da 'yan farko. IAEA, mai hedikwata a Biyena ta Ostiriya, an kafa ta a 1957, Najeriya ta shiga a 1964. Ita ke ɗaukar nauyin kwasa-kwasai na makonni ko watanni, amma ta hannun hukumomi ake turawa: sai kana aiki a jami'a ko asibiti ko hukuma, wurin aikinka ya miƙa sunanka. Shi ya sa na ce dalali ba shi da ƙofa a nan. Ƙasashen Afirka suna da tasu yarjejeniyar, AFRA, tun 1990, kuma a ƙarƙashinta makarantar nukiliya ta Jami'ar Gana da ke Kwabenya, wadda aka buɗe a 2006, tana karɓar ɗalibai daga sassan nahiyar. A Tiriyeste ta Italiya akwai cibiyar da Abdus Salam, ɗan Pakistan mai kyautar Nobel, ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu. Koriya ta Kudu tana da makarantar digiri na biyu, KINGS, a gefen tashoshinta. Wanda ya fi dacewa da 'yarka shi ne tallafin da IAEA ta buɗe a 2020 da sunan Marie Curie, na mata ne zalla masu digiri na biyu a fannonin nukiliya. Ita da kanta za ta nema bayan ta samu gurbi, kyauta. Abin da suke dubawa sakamako ne. Ka ga kenan sakamakon digirin farko a Dutse ko Kano shi ne tikitin jirgin.

In kana son ganin yadda haɗin gwiwar yake a aikace, dubi abin da ya faru a Zariya a 2018. Man yuraniyom ɗin da tukunyar ta zo da shi mai kashi 90 ne, kimanin kilo ɗaya, irin wanda duniya ba ta son a bar shi warwatse. Aka shirya sauya shi da mai kashi 13. Sin ta ƙera sabon, Amurka ta taimaka da lissafi da kuɗi, IAEA ta tsaya a tsakiya. Gana ta riga mu yin nata a 2017, sai ma'aikatanmu suka je can suka yi atisayen ciro zuciyar tukunya kafin su taɓa ta gida. A ƙarshen shekarar aka mayar da tsohon man Sin. Ilimin da matasan da suka tsaya a wurin suka kwasa, ba ajin da zai ba su.

Sai dai ina da ra'ayi a kan wannan. Ƙasar da za ta sayar maka da tasha za ta horar da 'ya'yanka da murna, a kan injinta, da yarenta, da ƙa'idojinta. Wannan ya yi wa masu tuƙa tashar daidai. Amma masu sa ido, waɗanda za su iya cewa a dakata, bai kamata duk a makarantar mai kaya suka yi karatu ba. Ba a tambayar mai sayar da doki ya duba maka haƙoransa. Sannan horon yana cin lokaci fiye da gini. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba Koriya kwangilar tashar Barakah a 2009. An gama ginin tukunyar farko a 2018, amma ba ta ba da wuta ba sai Agustan 2020, kuma cikin dalilan har da jiran masu tuƙa ta su kammala horo su samu lasisi. Ƙasar da ba ta san rashin kuɗi ba kenan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma ciwonmu daban ne: a tura yaro ya ƙware, ya dawo ya tarar na'urar da ya koya ta lalace ba kayan gyara, ya yi shekara biyu yana sa hannu a rajista, sai ka ji ya koma Saudiyya ko Kanada. Abokan karatuna da dama haka suka tafi, ban kuma ga laifinsu ba.

Akwai abin da ake koyarwa a wannan fanni da ba ya cikin manhaja, shi ne kuma ya fi ba ni wuya. A wani kwas da na je a ƙasar waje aka shirya mana atisaye: wai an rasa wani ƙarfe mai radiyeshin a cikin ɗaki, mu nemo shi. Malamin dattijo ne mai furfura, sa'an mahaifina. Muna bakin ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce in shiga in ɗauko akwatin can, shi ya riga ya auna, ba komai. Na'urar awo tana rataye a wuyana ban kunna ba. Zuciyata ta ce kunna, tarbiyya ta ce babba ya yi magana. Na shiga. Ina fitowa ya ce na faɗi. Ya ce da gaske ne da yanzu asibiti za a kai ni, kuma ya ga hannuna ya je kan makunnin ya dawo. Ranar ban iya cin abinci ba.

Mu an raine mu da kunya da kawaici, kuma ina alfahari da su a zaure. A ɗakin sarrafa tukunya kuwa ana koya wa ƙaramin ma'aikaci ya ce wa shugabansa "tsaya, ban gamsu ba", shugaban kuma dole ya tsaya. In aka ce maka buɗe bawul na 12, sai ka maimaita, "in buɗe bawul na 12", mai umarnin ya ce "haka ne", ka ɗora yatsa kan lambar ka karanta, sannan ka murɗa. Wannan tsari da tsada aka saye shi. A 1979 a tashar Three Mile Island ta Amurka wani bawul ya maƙale a buɗe, fitilar allo tana nuna an ba shi umarnin rufewa, masu aiki suka ɗauka ya rufu, har suka rage ruwan da ke sanyaya tukunyar da hannunsu, rabin zuciyarta ya narke. Bayan nan aka sake fasalin horo gaba ɗaya. Yanzu kusan kowace tasha tana da ɗakin kwaikwayo, sak irin na gaske har maɓallai, inda ake jefa wa ma'aikata masifu kala-kala, kuma ko wanda ya shekara talatin yana aiki sai ya riƙa komawa. Don haka taurin kan da 'yarka ta nuna a gaban kawunta, kada ku kashe shi duka. A koya mata ladabin faɗa, a bar mata faɗar.

Abin yi a wannan zangon kaɗan ne. A JAMB ta zaɓi Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, su ne mabuɗin duk kwasa-kwasan da na ambata, sai dai in ɗaukar hoton asibiti ta zaɓa, a nan bayoloji ne zai maye gurbin lissafi. In akwai kuɗin da za ka kashe, kashe shi a kan malamin da zai zauna da ita a kan lissafi lokacin hutu, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A nan yaranmu na karkara suke zubewa a shekarar farko ta jami'a, ba don ƙwaƙwalwa ba, don an tsallake musu babi-babi a sakandare. Ta saba da kwamfuta ko da ta aro ce. Ka kuma yi wa shugabar makarantarsu magana ta rubuta wa cibiyar Zariya takardar neman ziyarar ɗalibai. In an samu dama, a tafi da Hajiya.

Ni ma ina da roƙo a wurinka, tunda allo yana hannunka. Yaran ƙauyukanmu da yawa suna tafiya birane jari-bola da sayen gwangwan. A 1987 a garin Goiania na Burazil wasu masu tsintar ƙarfe suka ɗauko kan wata tsohuwar na'urar gasa cutar kansa daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai wani gari mai shuɗin haske da daddare. Aka yi ta rabawa 'yan uwa ana shafawa a jiki don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna mutum 112,000, aka samu 249 da abin ya taɓa. Ni da kaina na taɓa tarar da maigadin wani kamfanin titi ya mai da akwatin awon nan ruwan ɗorawa teburin ɗora rediyo a gefen tabarmarsa, wata da watanni. Ka zana wa 'yan aji biyar da shida alamar a allo: da'ira ƙarama a tsakiya, fukafukai uku kewaye da ita kamar na fanka, baƙi ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa. Ƙarfen da ke ɗauke da ita yakan yi nauyin da ya fi girmansa, saboda dalmar da ke ciki. In sun gan shi kada su ɗauka, kada su sa guduma. Su ja da baya, su hana yara zuwa wurin, su gaya wa mai unguwa ko 'yan sanda a kira NNRA.